Yadda za ka haɗa y = mx + c da kanka, ka kuma gane me c ɗin ke nufi

Dalibai da yawa sun haddace y = mx + c, wato lissafin miƙaƙƙen layi, tun aji uku na sakandare, amma ka tambaye su me c ke nufi a zahiri sai kowa ya yi tsit. To ga yadda abin yake.

Da farko ka tabbatar abin da kake aunawa yana ƙaruwa ko raguwa daidai wa daida, in ba haka ba miƙaƙƙen layi ba zai yi maka aiki ba. A ce ana tura ruwa cikin tanki da injin da gudunsa ba ya canzawa. x shi ne mintuna, y kuma litar ruwan da ke ciki, tunda ruwan ne ya dogara da lokaci ba lokaci da ruwa ba, nan ma wasu kan juya abin.

Sai ka ɗauki awo biyu. A minti na 4 lita 90, a minti na 10 lita 180. Ruwa ya ƙaru da 90 cikin minti 6, ka raba, 15. Wannan shi ne m, lita 15 duk minti. Yanzu ka ɗauki awo ɗaya ka saka: 90 = 15 × 4 + c, kenan c = 30. Ka gwada da na biyun ma, 150 da 30 ya ba ka 180, shikenan ya zauna.

To 30 ɗin nan fa? Ita ce y a lokacin da x yake sifili, wato ruwan da ke kwance a tankin tun kafin a kunna injin. Kar ka rubuta 30 tsurarta, ka ce lita 30, jimla guda da kowa zai gane. Haka 32 take a F = 1.8C + 32, ma'ana idan ma'aunin Celsius ya nuna sifili, inda ruwa ke daskarewa, na Fahrenheit 32 zai nuna.

Amma fa ba kullum c ke da ma'ana ba, kuma a ganina nan ne asalin gwanintar take. Akwai lissafin da ma'aikatan lafiya ke kimanta tsayin yaro da shi, shekaru sau 6 a ƙara 77, a santimita. In ka bi shi ido rufe sai ka ce ana haihuwar jariri da tsayin santimita 77, alhali jariri bai wuce wajen 50 ba, dalili kuwa lissafin na yara ne daga shekara 2 zuwa 12, jarirai girmansu ya fi haka sauri nesa ba kusa ba, saboda haka 77 ɗin kawai tana tallafe layin ne ya bi ta inda ya dace. Don haka kafin ka fassara c, tambayi kanka, shin x = 0 na cikin iyakar abin da aka auna?

Tankin ma yana da tasa iyakar. In lita 300 yake ci, a minti na 18 ya cika, duk ƙarin da lissafin ya ba ka bayan nan ruwa ne da ke malala a ƙasa.