Yadda za ka karanta rantsuwar mubaya'a ta kafin yaƙin basasar Ingila

In kana son ka gane yadda Ingila ta afka yaƙin basasa a 1642, nemo takardun rantsuwar da aka dinga sa mutane suna yi kafin a fara harbe-harbe. Amma fa karatunsu sai da lura.

Fara da duba wa ya rubuta, kuma me ke ba shi tsoro a lokacin. Wadda ake ce wa Protestation majalisa ce ta tsara ta a watan Mayun 1641, ana tsakiyar raɗe-raɗin za a turo sojoji su murƙushe ta. Ita kuwa National Covenant ta Sikotilan tun 1638 aka fara sa mata hannu a cocin Greyfriars, bayan Sarki Charles na ɗaya ya ƙaƙaba wa mutanen Sikotilan littafin addu'ar da ba sa so.

Daga nan sai ka ɗau biro ka jera abubuwan da mai rantsuwa ya ce zai kare. A ta 1641 akwai addinin Furotesta, akwai sarki da mutuncinsa, ga ikon majalisa ga kuma 'yancin talakawa, duk a numfashi guda. To tambayi kanka, ran da sarki da majalisa suka raba gari wa zai bi? Takardar ba ta faɗa ba, shi ya sa da yaƙi ya ɓarke kowane ɓangare yake ganin shi ne ya cika alkawari.

Inda ni dai abin ya fi taɓa ni shi ne jerin sunayen. A farkon 1642 aka umarci duk namiji ɗan shekara 18 zuwa sama ya yi rantsuwar Protestation a gaban limamin cocinsu, wanda bai iya rubutu ba ya yi alama, wanda ya ƙi kuma a rubuta sunansa a aika wa majalisa, galibi 'yan Katolika ake nema. Don haka kar ka ga sa hannu ka ce ai har zuci ne, mutum na tsaye maƙwabtansa na kallo, ina zai iya cewa a'a? Bi sunayen waɗanda suka ƙi a hankali.

Sannan ka ajiye Protestation kusa da Solemn League and Covenant, yarjejeniyar da majalisar Ingila ta ƙulla da mutanen Sikotilan a 1643, bayan an riga an zub da jini, ka nemi abin da aka ƙara. Za ka tarar an fito ƙarara an ce sai an tumɓuke mulkin bishop-bishop a coci.