Kurakuran da baƙi suka fi yi a Kyoto da Nara

Wanda ya je Kyoto karon farko yakan iso da takarda cike da sunaye: Fushimi Inari, Kinkaku-ji, Kiyomizu-dera, Arashiyama, Gion, sannan Nara da la'asar. Duka a wuni guda. Ni ma haka na yi, kuma abin da na fi tunawa daga wannan rana shi ne ƙeyar mutanen da ke gabana a layin bas.

Wannan zarin shi ne uban kurakurai. Kyoto ta yi sama da shekara dubu tana fadar sarakunan Japan, daga 794 zuwa 1868, kuma yawancin manyan wuraren ibadarta a gindin duwatsun da suka kewaye birnin aka gina su, ba a tsakiya ba. Arashiyama mai kurmin gora tana can yamma, Kinkaku-ji arewa maso yamma, Kiyomizu-dera gabas, Fushimi Inari kudu. Maganin abin shi ne kowace rana ka ba ta shiyya ɗaya. Daga Kinkaku-ji zuwa Ryoan-ji, mai filin tsakuwa da duwatsu 15, tafiyar minti 20 ce a ƙafa. Daga Kiyomizu-dera kuma gangarowa kawai za ka yi har Gion. Fushimi Inari tana kan layin dogon da ke zuwa Nara, minti biyar daga babbar tashar Kyoto, a tashar Inari ake sauka. In akwai jirgin ƙasa zuwa inda za ka, rabu da bas. Ka sayi katin ICOCA ka loda masa kuɗi, yana aiki a jirgi da bas duka.

Sai makara. Baƙo ya yi barci ya ƙoshi, ya karya, ya fito ƙarfe goma, ya tarar da duniya ta riga shi. Fushimi Inari ba ta da lokacin rufewa, ba a kuma biyan ko sisi. Kiyomizu-dera ƙarfe shida na safe take buɗewa. Mu da muka saba tashin asuba, nan ne muka fi kowa sa'a: ka idar da salla, ka hau jirgin farko-farko, za ka bi ta ƙarƙashin dubban jajayen ƙofofin Fushimi Inari ba ka jin komai sai kukan hankaki da takun ƙafarka. Yawancin mutane a ƙasa suke ɗaukar hoto su juya. Dutsen Inari mita 233 ne kacal, zagaye shi awa biyu zuwa uku, kuma in ka hau kamar minti 40 za ka kai mararrabar Yotsutsuji inda ake hango birnin. Ko nan ka tsaya, ka ci riba. A ɗaya ɓangaren kuma, haikalai da yawa ƙarfe biyar sun rufe, wasu ma tun kafin nan sun daina sayar da tikiti.

Akwai kuma masu ɗaukar duk wuraren nan abu ɗaya ne. Addini biyu ne. In ka ga ƙofar nan mai ginshiƙi biyu da gungume a gicciye a sama, wadda suke kira torii, wurin bautar Shinto ne. In ka ga ƙofa mai rufi kamar ɗaki, da kaskon turaren wuta, da gunkin Buddha a ciki, haikalin mabiya Buddha ne. Sunan ma yana faɗa: mai ƙarewa da ji ko dera haikali ne, mai jinja ko taisha ko jingu na Shinto ne. A na Shinto masu bauta kan rusuna sau biyu, su tafa sau biyu, su sake rusunawa. A haikali ba a tafi. Baƙi da yawa sukan kwaikwayi wannan don kada a ce ba su da ladabi. Babu buƙata. Musulmi ko Kirista ya shiga ya kalli gini da lambu ya fita, ba wanda zai tambaye shi me ya sa bai rusuna ba. Abin da ake so daga gare ka kaɗan ne: ka rage murya, ka bi gefen hanya domin tsakiyar ta abin bautarsu ce a wurinsu, kada ka taka dokin ƙofar haikali, tsallake shi ake yi, kuma kada ka tsaya gaban mai ibada kana saita kyamara.

Kwamin ruwan da ke bakin shiga, da ludayoyi jere a kai, shi ke ruɗin mutanenmu, don ya yi kama da wurin alwala. Tsarkinsu ne na kansu, da hannun hagu ma suke farawa. Ba a kai ludayin baki, ba a wanke ƙafa a wurin, ba a cika gora. In ba yi za ka yi ba, wuce abinka.

Takalmi kuwa, ka sa wanda ake zarewa ba wahala, domin duk ɗakin da ke da daɓen katako ko tabarmar tatami sai an cire. Ka duba safarka tun a masauki. Ni babban yatsana ne ya leƙo ta huda a gaban jama'a, na ƙarasa zagayen ina naɗe shi. Ka riƙe tsabar kuɗi, da yawan wuraren yankan tikiti ba sa karɓar kati. Kwandon shara ma da wuya ka gani, sai ka tanadi inda za ka riƙa zuba taka har ka koma.

Nara, wadda ta zama fadar ƙasar a 710, kimanin minti 45 ce daga Kyoto, kuma tashar jirgin ƙasa ta kamfanin Kintetsu ta fi ta kamfanin JR kusa da gandun bareyi. Bareyin nan sun haura dubu, suna yawo sakaka, don a al'adar wurin 'yan aiken abin bautar Kasuga Taisha ne. Hotuna sun sa ana ɗauka tamkar tumakin gida suke. Dabbobin daji ne. Da zarar ka sayi biskit ɗinsu, shika senbei, sun gan ka. Kuskuren shi ne ka ɗaga shi sama kana jan ransu don hoto ya yi kyau: ɗaya za ta ja rigarka, wata ta tunkuye ka ta baya. Wata ta zare taswirar da ke aljihuna ta tauna rabi kafin na ankara. Ka ba su da sauri, in ya ƙare ka buɗe tafukanka biyu su gani, za su watse. Ka yi nesa da mazan a lokacin kaka, sa'ad da suke barbara, da kuma uwa mai sabon ɗa a farkon bazara. Leda kuwa kada ta kusance su, an sha samun ta a cikin waɗanda suka mutu. Kada wasa da bareyi ya cinye maka lokacin Todai-ji, inda gunkin Buddha na tagulla mai tsawon kusan mita 15 yake zaune tun 752.

A Gion, bin matan geiko, masu nishaɗantar da baƙi da kiɗa da rawa cikin kayan gargajiya, da kyamara ya kai mazauna unguwar bango, har suka kafa alluna a lungunan da ba na gwamnati ba: tarar yen 10,000. Ka tsaya a babban titi.

Game da abinci, rashin ganin nama a kwano ba ya nufin ka tsira. Romon taliyar ramen sau da yawa na ƙashin alade ne, kuma mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi, tana shiga miya da yawa, har da girkin ganye. Ka nemi gidajen abinci masu shaidar halal tun kafin ka fito, ka kuma sa 'yar dardumarka a jaka. Filin jirgin saman Kansai, na yankin da Kyoto take, yana da ɗakunan salla, amma a kan dutsen Inari sai dai ka nemi gefe.