Yadda Ake Duba Tsohuwar Jitar Lantarki Mai Kogo Kafin A Saya

Abu na farko da mai saye zai tabbatar shi ne ko jitar da ke gabansa kogo ce zalla ko kuwa rabin kogo, domin a ido kusan kamarsu ɗaya. Gibson ES-335, wadda ta fito a 1958, rabin kogo ce: tana da guntun katako da aka shimfiɗa a tsakiyar cikinta, shi ya sa take jure ƙarar lasifika ba tare da ta yi kuwwa ba. Ita kuwa ES-330 ta 1959 da Epiphone Casino ta 1961, duk da sirantarsu, cikinsu fayau yake, haka ma ES-175 mai kauri, wadda aka fara sayarwa a 1949 a kan dala 175, inda ta samo sunanta. Makaɗin da zai hau dandali da sauti mai ƙarfi ya san cewa mai kogo zalla za ta ba shi wahala, amma a kiɗan jaz mai taushi, zaƙin muryarta ne ya sa Joe Pass da Jim Hall suka riƙe ES-175 shekara da shekaru.

A ganina, ba a sayen irin wannan jita sai da tocila da ɗan madubi irin na likitan haƙori, domin ta ramuka biyu masu siffar harafin f da ke fuskarta ake karanta tarihinta. A haska ciki a nemi takardar kamfani da aka liƙa, sannan a nemi lambar da aka buga da tawada a jikin katakon. A masana'antar Gibson da ke Kalamazoo a jihar Michigan, daga 1952 zuwa 1961 wannan lamba tana farawa da harafi, kuma haruffan suna tafiya ne da baya: Z na nufin 1952, U na nufin 1957, S kuma 1959. Lambar da ke bayan kan jitar a shekarun 1960 ba abin dogaro ba ce ita kaɗai, saboda kamfanin ya riƙa maimaita lambobi. Don haka a cusa madubin a karanta abin da ke rubuce a jikin ƙananan na'urorin da ke ƙarƙashin maɓallan ƙara sauti. Idan lambar ta fara da 137 ko 134, kamfanin CTS ko Centralab ke nan, sauran alƙaluman kuma shekara ce da makon da aka ƙera su. Jitar da aka ce ta 1958 ce ba za ta zo da na'urar 1965 ba, sai dai in an taɓa ta.

Maɗaukin sauti, wato na'urar da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi mai ɗaukar amonsu zuwa lasifika, shi ne inda kuɗi ya fi taruwa, kuma nan ne aka fi yin algus. Wanda Seth Lover ya ƙirƙiro, Gibson ta fara sa shi a 1957, yana da ɗan tambari a ƙasansa da masu tara jita suke kira PAF (wato Patent Applied For, rubutun da ke jikinsa). Ana buga tambarin na jabu, saboda haka a dubi dalmar da aka haɗa wayoyi: tsohuwar dalma ta dushe ta yi toka-toka, sabuwa kuwa tana ƙyalli.

Daga nan sai wuya. Kan jitar Gibson a karkace yake zuwa baya, kuma faɗuwa ɗaya takan karya shi. Fitila mai hasken shuɗi da ake duba kuɗin jabu da ita tana tona wannan, domin tsohon fenti yana haskawa daban da sabon da aka rufe gyara da shi. Karayar da aka gyara da kyau ba ta hana kiɗa, har ma dama ce ga makaɗi ya samu jita ta gari da rahusa, amma ga mai tarawa tana zubar da daraja ƙwarai. Jitocin kamfanin Gretsch da aka ƙera a Brooklyn, irin su 6120 ta makaɗi Chet Atkins, nasu ciwon daban ne: farin zirin seluloid da ke kewaye gefen jiki yakan ruɓe ya farfashe, iskar da yake fitarwa kuma ta sa ƙarafa tsatsa, kuma gyaransa aiki ne mai tsada.

Wanda zai tsallaka iyaka da jitar ya nemi takardu tun kafin ya biya, domin yawancin na shekarun 1950 an shimfiɗa musu katakon rosewood na Brazil a wuya, wanda yarjejeniyar CITES, mai kare tsirrai da dabbobin da ke barazanar ƙarewa, ta tsaurara cinikinsa tun 1992. In kuma ƙasar Hausa za a kawo ta, hunturu ne babban abin tsoro. Katakon yana son danshin iska na kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, busasshiyar iskar Disamba da Janairu kuwa tana tsaga saman jita ta ɓamɓare gam. A ajiye ta cikin akwatinta tare da jiƙaƙƙen soso a cikin robar da aka huda, a nisanta ta da taga, a kuma sassauta tsirkiyoyin kaɗan idan za ta daɗe ba a kaɗa ta ba.