Minti 10 da littafi kafin barci

'Yan uwa, ku sami ƙaramin littafi da biro, ku ware minti 10 bayan sallar isha'i. A sa kwanan wata, a rubuta abin da ya faru, yadda aka ji, da abin da aka yi a kai. "Raina ya ɓaci" bai isa ba. Da wa? A ina? Ƙarfe nawa? A ƙara da awannin barci, musamman a zafin Sakkwato na Afrilu, don ƙarancin barci kan jawo saurin fushi.

A kulle littafin a akwati, saboda mai tsoron a karanta masa ba ya rubuta gaskiya. Ranar Juma'a a duba na mako, a ja layi ƙarƙashin duk abin da ya maimaitu.