Yadda ake mayar da sabar zahiri zuwa VM ba tare da kwafin ajiya ya salwanta ba

Kwashe tsarin aiki daga sabar zahiri zuwa VM (kwamfutar kwaikwayo da ke gudana a cikin wata na'ura) abu ne da VMware Converter, Disk2vhd na Microsoft ko virt-p2v na masu KVM (tsarin gudanar da VM na Linux) ke yi ba wuya. Inda ake yin asara shi ne faifan bayanai da ke zaune a SAN (ma'ajiyar faifai ta daban da ake haɗa sabobi da ita ta netwok), domin yadda ka haɗa shi da sabuwar VM ne zai nuna ko manhajar ajiya, wato mai ɗaukar kwafin ajiya, za ta ci gaba da ganinsa.

Kafin ka taɓa komai, rubuta sunan da SAN ke gane sabar da shi, wato IQN idan ta hanyar iSCSI aka haɗa su, ko WWPN idan ta Fibre Channel ce, da lambar kowane LUN (faifan da SAN ta ware wa sabar), da kalmar sirrin CHAP ta shiga iSCSI, da inda kowane faifai yake hawa. Ɗauki cikakken kwafi, sannan ka gwada dawo da shi a wata na'ura. Kwafin da ba a gwada ba, kada ka dogara da shi.

Hanya mafi aminci ita ce kwashe bayanan LUN ɗin zuwa faifan VM ɗin kanta, wato VMDK ko VHDX. Tana cin lokaci da wuri, amma manhaja irin Veeam, wadda ke ɗaukar kwafi ta hanyar sinafshot (hoton yanayin faifan VM a wani lokaci), za ta kama komai. Idan kuwa ka bar iSCSI a cikin VM ɗin, ko ka haɗa LUN a matsayin RDM na zahiri (haɗa shi kai tsaye da VM ɗin), sinafshot ba ya shafar wannan faifan. Rahoto zai riƙa cewa aiki ya kammala lafiya alhali rumbun bayananka ba ya ciki, kuma galibi sai ranar buƙata ake ganewa. Duk wanda ya zaɓi wannan hanya dole ya bar wakilin manhajar ajiya, wato ƙaramar manhajar da ke ɗaukar kwafi daga ciki, a cikin VM ɗin.

Ranar aiki, tsayar da SQL Server ko duk wani rumbun bayanai kafin kwafi, in ba haka ba abin da aka rubuta bayan farawa zai tsaya a tsohuwar sabar. Cire faifan SAN daga jerin waɗanda za a kwafa idan ba su kake nufi ba. Sannan ka kashe tsohuwar sabar, ka zare wayarta, kafin ka kunna sabuwa. VM ɗin ta gaji IQN ɗin tsohuwar sabar, kuma na'ura biyu da ke rubutu kan LUN ɗaya mai tsarin fayil na NTFS ko ext4 za su lalata bayanan da ke kansa.

Kunna VM da farko ba tare da netwok ba. Cire manhajar MPIO (mai haɗa sabar da SAN ta hanyoyi da yawa) ta kamfanin ma'ajiyar da direbobin tsohon ƙarfen. A Windows, tsohon katin netwok yakan ɓuya yana riƙe da adireshin IP. Bayyana ɓoyayyun na'urori ka goge shi. A Linux, sa UUID (lambar shaidar faifai) a /etc/fstab, fayil ɗin da ke lissafa inda faifai ke hawa, ka sake gina initramfs (fayil ɗin da Linux ke fara tashi da shi) da direbobin VM na virtio idan KVM ce. Idan ma'ajiyar na amfani da MTU (iyakar girman ƙunshin bayanai a netwok) 9000, a daidaita shi tun daga VM har SAN.

Manhajar ajiya za ta ɗauki VM ɗin a matsayin sabon abu, saboda haka kwafin farko cikakke ne, tanadi wurinsa. Kada ka goge tsohon jerin kwafi da kundinsa sai wa'adin riƙonsa ya cika. Sabar Active Directory (mai kula da asusun masu amfani a Windows) kuwa, gina sabuwa ya fi kwafarta, don gudun rikicewar lambar USN da sabobin ke bin sawun canje-canje da ita.