Yadda Ake Tattara Tarihin Tsoffin Shagunan Kaset na Kano

Shagunan kaset na Kano ba rana ɗaya suka rufe ba. Faifan CD ne ya fara rage musu ciniki, daga baya memori da turin waƙa a waya suka ƙarasa su. Wuraren da lasifika ke tashi da kalangu da kukuma da karatun tafsiri tun hantsi, a Bata da Ƙofar Wambai da cikin Kasuwar Sabon Gari, da yawansu sun koma wata sana'ar. Waƙoƙin kansu wasu sun tsira, suna yawo a wayoyi. Abin da ke salwancewa shi ne labarin shagon: wa ya buɗe shi, a wane layi, wa ya ɗauko mawaƙi ya naɗe shi, wa ya raba kaset ɗin har ya kai Maraɗi da Damagaram. Don haka duk wanda zai yi wannan aiki ya riƙe ƙa'ida ɗaya: kada a raba sauti da sunan shagon da ya fito da shi.

A fara da layi ɗaya

Kada ka ce za ka rubuta tarihin Kano gaba ɗaya, za ka gaji ka ajiye. Zaɓi layi ɗaya a kasuwa ɗaya. Sayi littafi mai bango mai tauri, ka ware wa kowane shago shafi biyu. A rubuta sunan da ke kan allo da kuma sunan da jama'a ke kiran wurin, domin sau da yawa sun bambanta, kuma na bakin mutane shi ne zai kai ka ga masu labari. A rubuta abin da ke gabas da shagon da abin da ke yamma da shi, da sana'ar da ake yi a wurin yanzu.

Abu mafi muhimmanci a shafin shi ne irin shagon. Akwai mai naɗa da kansa, wanda ke riƙe da uwar kaset, wato masta. Akwai mai kwafi, wanda ke jera rikodoji yana juye wa mutane abin da suka zaɓa. Akwai mai sari ya sayar, har da masu tura baro da lasifika a kai. Na farkon shi ne ya fi cancantar a bi sawunsa har gida, domin a hannunsa ko hannun magadansa ake samun naɗin da babu irinsa a ko'ina.

Waɗanda za a tambaya

Mai shagon kan yi wuyar samu, wani ya rasu, wani ya koma garinsu. Masu gyaran rediyo su ne ƙofar farko, domin su ke gyara wa shagunan injinansu, sun san wanda ke da rikoda biyu da wanda ke da ashirin. Bayansu sai tsoffin yaran shago, waɗanda yanzu magidanta ne, sai mai shayin layin, sai shugabannin kasuwa, sai tsoffin direbobin tasha da ke sayen kaset duk tafiya.

Kada ka shiga da waya a hannu. Ka je ta hannun wanda aka sani, ka gaisa, ka faɗi abin da ya kawo ka: "Baba, so muke mu rubuta tarihin shagunan kaset na layin nan don kada ya ɓace, aka ce ku ne kuka san farkonsa." Ranar farko ta gaisuwa ce. A sa rana ta biyu a gida ko wani wuri mai shiru, domin hayaniyar kasuwa da ƙarar janareta kan cinye rabin magana. A sa wayar a yanayin jirgi don kada kira ya katse naɗi, a ajiye ta kan tsumma kamar taƙi biyu daga bakin mai magana. Farkon naɗin ka faɗi rana da wuri, shi kuma ya faɗi da bakinsa cewa ya yarda, da abin da bai yarda a yaɗa ba. Idan kayan suna hannun matar marigayi, mace ce ya kamata ta shiga ta yi hirar.

A yi hira da mutum ɗaya-ɗaya. Idan aka haɗa maigida da tsohon yaronsa, yaron ba zai gyara masa zance ba ko da ya san an yi kuskure.

Shekara ita ce wurin da aka fi tuntuɓe. Mutane ba sa riƙe lamba, zamani suke riƙewa. Maimakon "wace shekara kuka buɗe?", sai a ce "wa ke gwamna lokacin?" Zamanin Audu Baƙo ya kama daga 1967 zuwa 1975, na Abubakar Rimi daga 1979 zuwa 1983. Rikicin Maitatsine a Disambar 1980 aka yi shi, canjin kuɗi na mulkin soja a 1984, rasuwar Mamman Shata a 1999, babbar gobarar Kasuwar Sabon Gari a 2016. Da waɗannan turaku ake ɗaure labari. Duk abin da mutum biyu da ba su zauna tare ba suka faɗa iri ɗaya, a rubuta shi da biro. Abin da mutum ɗaya ya faɗa ya zauna da fensir tukuna.

Abin da kaset ɗin kansa ke faɗa

Kafin a saurari komai, a karanta jikin kaset da kwalinsa. Hatimin shago, rubutun hannu, farashi da lambar waya duk shaidu ne. Lambar da ta fara da 064 ta tarhon gidan waya ce ta Kano, lambar salula irin 0803 kuwa ba za ta wuce 2001 a tsufa ba. Farashi da fam da sule a jikin faifai na nufin kafin Janairun 1973, lokacin da naira ta shigo. Adireshin da ya sa Haɗeja ko Gumel cikin Jihar Kano an buga shi kafin 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jigawa. Sai dai a yi hattara: kwali da kaset kan yi musaya a cikin akwati, kuma ana naɗa sabon abu a kan tsohon kaset. Shi ya sa ake sauraron kowane gefe har ƙarshe, domin wani lokaci a wutsiyar zare ake jin ragowar naɗin farko, ko muryar da ke sanar da sunan shago.

A ba kowane kaset lamba, misali BT-003-12, wato Bata, shago na 3, kaset na 12. A manna lambar a kwali, kada a rubuta kan tsohuwar takardar. A ɗauki hoton gaba da baya da cikin bango, in da sikana a yi a 600 dpi.

Ceto zaren

Nan ne ake asarar da ba ta gyaruwa, saboda ɗoki. Kada a zura tsohon kaset cikin rediyon da aka tsinta a ɗaki. Da farko a karya 'yan harsunan nan biyu da ke saman kaset, don ko an danna jan maɓalli bisa kuskure ba zai goge ba. A duba ta 'yar tagar tsakiya. Idan an ga fari-fari kamar gari a kan naɗin zare, fumfuna ce: a ware shi daga sauran, a rufe shi cikin roba mai murfi tare da ƙunshin silika irin na kwalin takalmi na mako ɗaya ko biyu, sannan a sa takunkumi a goge a hankali da ƙyalle marar gashi ana juyawa da hannu. Kada a shanya a rana, zafi na lanƙwasa kwanson ya kuma ɓata zaren.

A zura biro mai kusurwa shida a juya. In ya cije, kada a tilasta. A leƙa ƙarƙashin zaren a tsakiyar baki, akwai ɗan soso da ke danna shi jikin kan rikoda, wato ɗan ƙarfen da ke karanta sautin zaren. Gam ɗinsa kan bushe ya faɗi, sai sauti ya fito a dushe. Maganin cijewa da faɗuwar soso ɗaya ne: a samo lafiyayyen kwanso mai kusoshi biyar, irin na TDK ko Maxell, a kwance, a ɗauke naɗin zaren a mayar ciki. Kwanson da aka liƙe ba kusa sai an tsaga shi ta gefe da wuƙa a hankali, kuma a ajiye shi saboda rubutun jikinsa. Zaren da ya tsinke ana haɗa shi ta bayansa, ɓangaren da ba ya taɓa kan rikoda, da tef na musamman na haɗa zare. Salatif na kanti gam ɗinsa na narkewa da zafi ya manne zagaye da zagaye. Kaset C120, wato mai minti 120, zarensa siriri ne ƙwarai, shi ya fi saurin tauna, a bar shi sai hannu ya saba da C60 da C90.

Juyewa zuwa kwamfuta

A nemi dek, wato injin kunna kaset, na gida mai kyau, a kai wa mai gyara ya canza bel, domin sakakken bel ke sa murya ta riƙa ja tana rawa. Gudun kaset santimita 4.76 ne a daƙiƙa, kuma raunin batir ko wutar da ke hawa da sauka na karkatar da shi, don haka a haɗa da sitabilaiza. A goge kan rikoda da ƙarfen da ke jan zare da auduga da sinadarin isopropyl, robar da ke matse zaren kuma da ɗan ruwa. Fetur da tina suna cin roba. Bayan kowane tsohon kaset biyu ko uku a sake gogewa, za a ga audugar ta yi ja.

Daga ramin fitar sauti na dek a ja waya zuwa ramin layi na ƙaramin akwatin sauti mai USB. Ramin makirufo na kwamfuta yana ƙara ƙarfi fiye da kima, sauti ya fashe. Manhajar Audacity kyauta ce kuma ta isa. A naɗa a WAV, wato nau'in fayil ɗin sauti da ba a matse shi ba, aƙalla 44.1 kHz da bit 16, wanda ke cin kusan megabait 10 a minti, wato C60 ya ɗan haura 600. A saita ƙarfi yadda wurin da ya fi ƙara ba zai wuce -6 dB a ma'aunin ƙarfin sauti na manhajar ba. A kashe Dolby, maɓallin rage shuu na dek, sai in an rubuta shi a jikin kaset.

Idan sauti ya fito kamar daga cikin tulu, kafin a zargi kaset a duba 'yar kusar da ke gefen kan rikoda. Injinan kwafi na kasuwa sun sha aiki, kawunansu kan karkace, naɗin ya fito a karkace. A juya kusar kaɗan-kaɗan, kada ta wuce rubu'in zagaye kowane ɓangare, ana saurare har amon kalangu ya fito tas. Kowane kaset da nasa saitin.

A naɗa gefe guda cur ba yanka, a sa masa lambar kaset da harafin gefe. Wannan fayil ba a taɓa shi. Rage shuu da yanka waƙa-waƙa da mayarwa MP3 duk a kan kwafi ake yi.

Faifan garmaho kuwa, mai zagaye 78 a minti da wani irin ƙaro ake yinsa, sinadarin da ya wanke kan rikoda narkar da shi yake yi, ruwa mai tsabta da burushi mai laushi kawai yake so, kuma allurarsa ta fi ta faifan 33 da 45 kauri. A jera faifai a tsaye, kada a ɗora su kan juna.

Ajiya da haƙƙi

Kwafi uku ake yi: biyu a faifan ajiya na kwamfuta (hard disk) daban-daban, ɗaya a wani gidan ko a intanet. Kaset ɗin su koma kwalinsu a tsaye, cikin akwati mai murfi saboda ƙurar hunturu, a ɗage daga ƙasa saboda danshin damina, nesa da lasifika saboda maganaɗisunta. Wanda ya ba da aro a mayar masa da kayansa tare da kwafin sautin a memori, wannan ke sa ya nuna maka gida na gaba.

Mallakar kaset ba mallakar waƙa ba ce. Kafin a ɗora naɗi a YouTube ko Facebook a nemi mawaƙin ko magadansa. Hoton hatimi da taswirar layi da hirar da aka ba da izini kuwa ana iya yaɗa su, kuma su ne ke jawo wasu su gyara kuskure ko su kawo sunan shagon da aka tsallake. Idan layi ya kammala, a buga littafin a kai kwafi Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa, ko sashen nazarin harsunan Najeriya na Jami'ar Bayero, ko Gidan Arewa a Kaduna, a karɓi takardar shaidar karɓa mai ɗauke da jerin lambobin kaset ɗin da sharuɗɗan da masu hira suka gindaya.