Abin da ɗan kasuwa zai yi idan hukuncin masu raba gardama bai yi masa daɗi ba

Ɗan kasuwar Tahoua da ya ƙulla yarjejeniyar kai albasar Galmi zuwa Abijan, ya kuma amince a rubuce cewa idan saɓani ya taso masu raba gardama ne za su yanke, wato mutanen da ake naɗawa su yanke hukunci a maimakon kotu, ya sani cewa ya rufe wa kansa ƙofar ɗaukaka ƙara. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA mai daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, kuma dokar ƙungiyar kan raba gardama, wadda aka sabunta a Konakiri a 2017, ba ta yarda kotu ta sake auna wanda ke da gaskiya ba. Babbar hanyar da ta rage masa ita ce neman kotu ta soke hukuncin.

Da farko ya rubuta ranar da ma'aikacin shari'a ya miƙa masa hukuncin ɗauke da izinin zartarwa na kotu, domin daga ranar wata ɗaya kacal yake da shi na shigar da ƙarar neman sokewa. A ganina nan ne haɗarin ya fi yawa, saboda mutum yakan tsaya neman dattawan kasuwa su shiga tsakani, alhali wa'adin yana tafiya. Neman sulhu abu ne mai kyau, amma a haɗa shi da ganin lauya tun makon farko.

Sannan su zauna da lauya su duba ko kukansa ya faɗa cikin dalilai shida da dokar ta amince da su. Daga ciki akwai rashin ingantacciyar yarjejeniya, da naɗa masu hukunci ba bisa ƙa'ida ba, da wuce iyakar aikin da aka ɗora musu, da hukunci marar bayanin dalili. Wanda ya fi cancantar a bincika da kyau shi ne hana ɓangare ɗaya kare kansa: idan abokin gardama ya gabatar da rasit ko takardar awon buhuna, aka gina hukunci a kanta ba tare da an nuna wa ɗayan ba, wannan hujja ce mai ƙarfi. Cewa diyyar ta yi yawa kuwa ba ya cikin dalilan.

Kotun da aka kai wa ƙarar tana da wata 3 ta yanke. Idan ta wuce haka, ana da kwana 15 a kai maganar gaban kotun ƙoli ta OHADA da ke Abijan, wadda ita kaɗai ce kuma ke da hurumin sake duba abin da kotun gida ta yanke kan neman sokewar.